Na bar jaki ina dukan taiki: yoyon rijiyar gidanmu a Sawaba

Da asubar wata Talata na fito alwala sai na ji silifas ɗina ya yi caɓal a bakin ɗan ɗakin da kayan rijiyarmu suke. Ba a yi ruwan sama ba daren. Na haska fitilar waya, na ga ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofar langalanga ya yi hanya har gindin gwanda. Da na buɗe sai na tarar ɗigo ne ke sauka daga bakin wani ɗan ƙarfen tagulla da bai fi babban yatsana tsawo ba, tal, tal, tal. Na ce a raina ƙaramin abu ne. Na tara masa roba na wuce masallaci, kafin in dawo ta cika ta tumbatsa.

Sai na ɗan koma baya kafin a gane yadda wannan ɗan ƙarfe ya shigo gidanmu. Ruwan famfon Kumasi daga madatsun Barekese da Owabi yake zuwa, amma lokacin da muka yi gini a can bayan Sawaba bututu bai iso layinmu ba. Shekara biyu yarana suna jidar ruwa da jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da kowa ke kira galan Kufuor, har na tara abin da na tara aka haƙa mana burtsatse a tsakar gida. Da farko yadda kowa ke yi muka yi: inji a ƙasan rijiya yana turo ruwa zuwa Polytank, babban tankin roba, a kan ƙafar ƙarfe, daga nan ya gangaro da kansa. Mu na ƙasa ba mu da kuka. Amma da na ɗora bene na sa 'yan haya, kullum sai an yi mini sallama a kan shawa, wai ruwan kamar hawaye yake zuba. Gaskiyarsu ce. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake, kowace mita 10 tana ba da kusan psi 14 a ma'aunin matsi. Tankinmu mita 6 ne daga ƙasa, kan shawar bene kuwa saura kaɗan ya kamo shi. Ina ƙarfi zai fito?

Shi ya sa aka sauya mana tsari. Injin rijiya ya koma turo ruwa kai tsaye cikin wani shuɗin tanki na ƙarfe mai balan-balan a ciki, ruwa a cikin balan-balan ɗin, iska a kewaye da shi, iskar ce ke matse ruwan ta kai shi sama da ƙarfi. A gindin tankin akwai makunni mai baƙin murfi da ke tayar da inji in matsi ya sauka zuwa 30, ya kashe shi in ya kai 50. Kusa da shi geji mai allura kamar agogo. Sai na ƙarshe, ɗan tagullar nan, bawul mai sakin ruwa, an buga 75 a jikinsa. Aikinsa guda ne, kuma a gidan da komai ke lafiya yana iya shekaru bai yi shi ba: in matsi ya haura har 75, sifirin da ke cikinsa ya ja da baya ya bar ruwa ya fice. Polytank ɗin muka bar shi a matsayin ajiya saboda ranar ɗauke wuta, don wanda ya ga dumso na 2015 ba ya sake yarda gidansa ya zauna babu ruwan ko-ta-kwana.

Ni a Magazin ta Suame nake, kayan gyaran mota nake sayarwa tun ina saurayi. Na faɗi wannan ne don a san inda girman kaina ya samo asali. Mutumin da ya yini cikin makanikai gani yake babu ƙarfen da zai gagare shi. Na duba geji na ga allura tana wajen 48, na ce to matsi lafiya lau, bawul ne ya mutu. Na hau pragya, babur mai ƙafa uku, zuwa bakin titi, na shiga mota har Adum, na zaga shagunan kayan famfo na samo sabo mai lamba 75 irin nasa. Da yamma na kashe wuta, na buɗe famfon tsakar gida ruwa ya tsiyaye, na sa sifana na kwance tsohon, na naɗa wa sabon farin tef a zarensa na ɗaure. Na kunna, na tsaya minti biyar, ko ɗigo babu. Na shiga gida ina taƙama.

Uwargida ta dube ni ta ce, "Alhaji, ni fa ba yoyon ne ya dame ni ba. Sati nawa ina ce maka ruwan nan sai ya ɗauke gaba ɗaya ina tsakiyar wanke-wanke, in tsaya jira, sannan ya dawo da ƙarfi har ya fantsama mini a jiki?"

Na ce mata wannan daban, wancan daban. Allah ya sani, ta ba ni amsar matsalar gaba ɗaya a cikin jimla guda, ni ko na wuce na kunna rediyo.

Washegari da asuba ruwa ya sake kai gindin gwanda. Wannan karon ma ba ɗigo ba ne, na tarar da shi yana tsartuwa. Na zagi mai shagon Adum a zuciyata, na ce jabu ya sayar mini, alhali bawan Allah bai yi mini komai ba. Na buɗe murfin makunnin na ga noti biyu a kan sifirin biyu, babba da ƙarami, na sassauta babban zagaye biyu a kan ko zai riƙa kashe injin da wuri. Babu abin da ya canza.

A nan kawuna ya shigo maganar. Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon direban babbar mota, ya sha hanyar Tamale da Bolga har ya gaji, yanzu yana zaune a Aboabo. Ya zo gaisuwa ya tarar da ni tsugune a ɗakin rijiya. Ya leƙa ya ce, "Kai yaro, ramin da ke zubar da ruwa ai toshe shi ake yi. Ina da murfi mai zare a gida, aika a karɓo." Na ce, "Kawu, anya?" Ya ce gidaje nawa ke da wannan abin a unguwar nan, kuma wa ya mutu? Ba zan ɗora masa laifi ba. Shi shawara ya bayar, hannuna ne ya kwance bawul ɗin ya ɗaura murfin, kuma har na ji daɗin ganin ƙasa a bushe da magariba.

Wajen ƙarfe 2 na dare muka ji fam! kamar taya ta fashe. Kafin in lalubo makulli ruwa na ambaliya a bayan kicin. Gwiwar bututun roba ce, inda aka haɗa da gam, ta fice fit daga mazauninta, ruwa na feshi har saman taga yana shiga sito. Na ruga na sauke babban makunnin wuta. Buhun shinkafa da aka buɗe ranar Lahadi ya jiƙe har rabi, garin rogo kuwa ya kumbura ya zama abin da ya zama. 'Yan haya suka sauko da fitilu suna yi mana sannu. Uwargida ba ta ce uffan ba, tana ta kwashe kwanuka, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Da gari ya waye na kira wani mai gyaran famfo da ake yabo a masallacinmu, dattijo ne ɗan Asawase, kowa Masta yake ce masa. Ya zo da yaronsa da jakar kayan aiki. Ya fara gyara gwiwar da ta fice, ya ce a bar gam ya kama. Sannan ya shiga ɗakin rijiya, idonsa ya sauka a kan murfin Kawu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Alhaji, an ce mini a Magazin kake."

Na ce haka ne.

"To in mota tana tafasa, murfin lagireto yana furzar da ruwa, direba ya zo ya ce ka ba shi abin da zai liƙe murfin da shi ruf, me za ka ce masa?"

Kunya ta rufe ni a gaban yaronsa. Wannan magana ni nake faɗa wa direbobi kusan kullum: murfin lagireto sifirin gare shi, in ya saki ruwa to a duba fanka, a duba gasket, a duba ko lagireton ya toshe, kada a kama faɗa da murfi. Abu ɗaya ne sak, ban gane shi ba don kawai ya sauya riga.

Ya ce Allah ya rufa mana asiri da gwiwar roba ce ta fara sallamawa. Injin da ke ƙasan burtsatse an yi shi ne don ya ɗago ruwa daga zurfi mai yawa, saboda haka in aka rufe masa kowace hanya yana iya tara matsin da ya wuce abin da bututun gida da tanki za su ɗauka. Ko 75 ɗin ma ba wasa ba ce, daidai take da a ɗora tanki a kan hasumiya mai tsayin mita 50 da 'yan kai. In babu inda ya fashe kuma, injin zai yi ta juyi ruwa ba ya motsi, ruwan da ke sanyaya shi ya ɗumame, daga nan ko injin ya ƙone ko bututun da ke riƙe da shi ya yi laushi. Sai a koma maganar ciro inji daga ƙasan rijiya, kuɗin da ko lissafinsa ba na son yi.

Abin da ya fara yi a ɗakin rijiya bai ɗauki minti uku ba, kuma bai buƙaci ko sifana ba. Wuta a kashe, ya sa yaron ya buɗe famfon tsakar gida har ruwa ya daina fita ƙaf. Ya kira ni ya nuna mini geji. Babu ko ɗigon ruwa a bututu, amma allura na nan daram a 48. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ba ta motsa ba. Ashe gejin ya daɗe da mutuwa, ni kuwa a kan shaidarsa na yanke wa bawul hukunci. Abin haushin, ranar da na canza bawul ni ma na tsiyaye ruwan nan kamar haka, da na ɗaga ido na kalli allurar da na gani.

Ya ciro sabon geji daga jaka ya ɗaura, ya cire murfin Kawu ya miƙo mini ba tare da ya ce komai ba, ya mayar da sabon bawul ɗin da na saya. Ya ce a rufe duk famfunan gida, a rufe na Polytank, a kunna wuta. Muka tsuguna mu uku muna kallon allura. Ta wuce 30, ta wuce 40. Ta kai 50, inda ya kamata mu ji ƙas, shiru. Ta haura 60, ta haura 70, tana taɓa 75 bawul ya buɗe baki ruwa ya tsarto a ƙafar yaron. Sai da aka ƙara kusan minti guda ana wannan ɓarna sannan makunnin ya yi ƙas, inji ya tsaya.

Masta ya ce, "Ka gani? Mai gadinka lafiyarsa ƙalau. Wancan ne ya kurumce."

Aka sake kashe wuta. Nan na ga bambancin mai sana'a da mai karambani, don bai taɓa wayoyin ba sai da ya dangwala tasta a kan kowanne, ya tabbatar ba ta kawo haske ba. Wuta mai ƙarfin volt 230 ce a ƙarƙashin baƙin murfin nan, ga ƙasa a jiƙe, ni kuwa jiya-jiya na zura hannu ciki ina juya noti da silifas ɗin roba mai ruwa. Ya duba bakunan da ke haɗa wuta, ya ce sun yi baƙi amma ba su manne ba. Wani lokaci sukan narke su liƙe da juna, inji ya ƙi tsayawa sam. Ya kwance wayoyin, ya juya makunnin ya fito da shi. A ƙarƙashinsa akwai ɗan siririn bututun ƙarfe, faɗinsa rubu'in inci, tsawonsa kamar ɗan yatsa. Ta wannan ƙaramar kafa kaɗai makunnin ke jin abin da ruwa ke ciki.

Ya ɗaga bututun ya saita shi da rana ya ce in leƙa. Ban ga haske ba. Ya sa ƙusa ya tura, sai ga wani jan abu yana fitowa, mai kauri kamar tuwon da ya kwana, can ciki kuma ya taurare har sai da ya buga ƙusar da kan filaya. Tsatsa ce da laka. Ruwan rijiyarmu yana da sinadarin ƙarfe, mun san da haka tun da muka ga yadda yake rina farin bokiti da tayil ɗin bayi ja, amma ban taɓa kawo wa raina cewa abin da ke rina bokiti yana taruwa a wani wuri ba. Kafar ba ta toshe ɗungurum ba, saura 'yar hanya kamar ta allura, matsi na ratsawa a hankali. Don haka labari ke isa ga makunnin a makare ta kowane ɓangare. In ruwa ya ƙare a tanki bai sani ba sai an jima, shi ne ɗaukewar da uwargida ke gani. In ya cika ma bai sani ba sai an jima, shi ne tsartuwar bawul. Da rana ana ta buɗe famfo, Polytank na sha, matsin ba ya samun sukunin taruwa. Da dare kuwa kowa ya rufe, wani ɗan haya ya ja ruwan bayi, inji ya tashi, ba mai karɓa sai bawul.

Uwargida na tsaye a ƙofar kicin tana jin duk bayanin. Masta ya juya ya ce, "Hajiya, da ke aka tambaya da an huta." Ta ce, "Masta, wa zai tambayi mai wanke-wanke?"

Ya ce kada a mayar da bututun ƙarfen, ya sa na tagulla wanda ba ya tsatsa, ko da yake laka za ta iya sake taruwa a hankali. Ya wanke 'yar kafar da ke gindin makunnin ita ma. Da ya zo kan noti ya tambaya wa ya taɓa, na amsa laifina. Ya nuna mini cewa babban yana ɗaga lambar tashi da ta tsayawa tare ko ya sauke su tare, ƙaramin kuwa tazarar da ke tsakaninsu yake sauyawa, kuma ba a juya ko ɗaya sai da geji mai rai a gabanka.

Kafin a sake sakin ruwa ya ce a duba iskar tanki, tunda ba a auna ta sai tanki babu ruwa. A saman tankin akwai bawul irin na taya sak. Ya danna ƙwayar da farce, iska ta yi fis, busasshiya. Ya ce da ruwa ne ya fito, to balan-balan ya fashe, sai sabo. Nan dai na samu abin da na iya: na ɗauko gejin taya daga motata na auna, 17. Ƙa'idar ita ce iskar ta gaza lambar tashin inji da 2, wato 28 ga makunni mai tashi a 30. Da famfon keken ɗan autana muka cika ta, ni da yaron Masta muna karɓa-karɓa, gumi na zuba. In iska ta yi kaɗan tankin ba ya ba da ruwa mai yawa kafin inji ya sake tashi, sai ya riƙa tashi yana tsayawa a kai a kai, kuma wannan ke cinye rayuwar inji da kuɗin mita. Na tuna yadda katin wuta ke ƙarewa da wuri watannin nan, ina ta yi wa yara faɗan dutsen guga.

Aka kunna. Allura ta hau a natse, tana isa 50 muka ji ƙas. Yaron ya buɗe famfo, ta gangaro, a 30 ƙas, inji ya tashi. Sau huɗu Masta ya maimaita, yana duba agogon hannunsa, ya ce yana so inji ya yi aƙalla minti guda yana aiki a kowane tashi. Bakin bawul a bushe.

Na ɗauko tsohon bawul ɗin na ce to wannan fa, ashe banza na cire shi? Ya juya shi, ya leƙa bakinsa, ya ce ba lallai ba. Bawul in ya yi ta buɗewa da ruwa mai yashi, ƙwaya ɗaya ta maƙale a mazauninsa ta isa ta hana shi rufewa ruf, daga nan sai ya riƙa ɗiga ko matsi bai kai ba. Watakila shi ya sa na farko ɗigo yake yi ba tsayawa, na biyu kuwa sai inji ya wuce iyaka yake tsartuwa. Ya koya mini yadda ake rarrabewa, kuma abin ba wuya. A share bawul da busasshen tsumma a ga ta inda ruwan ke fitowa: in ta zare ne, wajen ɗauri, aikin tef ne kawai. In ta baki ne, a kalli geji. Yana ɗiga allura na 40, bawul ya gaji, a canza shi da mai lamba irin tasa, kada a sa wanda ya fi ƙarfin abin da aka rubuta a jikin tanki. Ba ya zuba sai allura ta kusa lambar da ke jikinsa, to a bar shi, a nemi abin da ya hana inji tsayawa. Ya ƙara da cewa gidan da ke da hitar wanka ma yakan ga irin wannan, don ruwa in ya yi zafi yana kumbura, in bai sami wurin komawa ba sai matsi ya hau ko inji na kashe. Mu ba mu da ita, a tukunya ake dafa na wanka lokacin hunturu.

Abu na ƙarshe da muka yi jayayya a kansa shi ne tiyo. Ni na so a ja shi daga bakin bawul a zura cikin kwata, kada ɗaki ya sake jiƙewa. Masta ya ƙi. Ya ce in aka ɓoye bakin a kwata, ranar da abin ya dawo sai ya yi wata uku yana zuba ba wanda ya sani. Ya ja shi ta ƙarƙashin ƙofa, mai faɗi daidai da bakin bawul, babu lanƙwasa, babu abin rufewa a hanya, ya ajiye bakinsa a fili kan siminti, daidai inda nake tsugunawa in yi alwala. A nan na fi ganin hikimarsa, fiye da duk sauran aikin.

Na biya shi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, na ƙara wa yaron na koko da ƙosai. Shinkafar da ta jiƙe aka shanya ta a tabarma kwana biyu, muka yi sati muna cin ta, kullum uwargida na ajiye mini kwano tana cewa ga ta Alhaji mai gyara. Yanzu duk ranar Juma'a kafin in yi wanka nakan buɗe famfon tsakar gida in leƙa ɗakin rijiya, in ga allura ta sauka 30 ta koma 50, in ji ƙas ɗin nan biyu. Bayan wata shida na kwance ɗan bututun da kaina, wuta a kashe, tasta a hannu, na tarar jan abin ya fara taruwa a bakinsa, na wanke na mayar.

Kawu ya zo ranar Sallah, ya ga tiyo a kan siminti ya tambayi na mene ne. Na ba shi labari tun daga fam ɗin dare har zuwa ƙusar Masta. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya kurɓi shayinsa, sannan ya ce tunda ba na amfani da murfin nan, in sa yaro ya mayar masa da abinsa.